Yanda za ka gane man shafawa zai saki maganinsa ya shiga fata ko ba zai saki ba

Mutane da yawa in suka ɗauki maganin shafawa abu na farko da suke dubawa shi ne lambar nan da ke jikin kwali, kashi 1 ne ko kashi 0.05, su ce wannan ya fi wancan ƙarfi, shi kenan an gama magana. To ba a gama ba fa. Lambar nan tana gaya maka yawan maganin da aka zuba a ciki ne kawai, ba ta ce komai ba kan nawa ne zai fito daga cikin man ya ratsa fata ya isa inda ciwon yake, kuma abin da ke yanke wannan hukuncin shi ne man da aka kwaɓa maganin a cikinsa, wato maɗaukin maganin, wanda shi ne kusan duk abin da ke cikin bututun amma ba mai kula shi.

Ga misali tun daga farko. Betametazon difurofiyonet na kashi 0.05, sitiroyid ne da ake shafawa, wato maganin rage kumburi da ƙaiƙayin fata. A jadawalin da ake amfani da shi a Amurka mai aji bakwai, in an sa shi a man shafawa mai maiƙo da aka ƙara wa furofilin gilaikol, wani ruwa mai taimaka wa magani ya ratsa fata, yana aji na 1, mafi ƙarfi duka, in a man maiƙo na gama-gari ne yana aji na 2, kirim ɗinsa aji na 3, loshan ɗinsa kuma ya gangara har aji na 5. Magani ɗaya, yawa ɗaya, abin da ya canza maɗauki ne kawai. Saboda haka ko kai mai haɗawa ne ko ɗalibin haɗa magunguna ko kuwa mai shafawa ne kawai, ga yanda za ka bi abin.

Fara da sanin abin da maganin zai ratsa. Saman fata akwai wani siririn ɓawo na matattun ƙwayoyin halitta, kaurinsa a yawancin jiki bai wuce maikiromita 10 zuwa 20 ba (maikiromita dubu ne ke yin milimita ɗaya), layi kamar 15 zuwa 20, kuma shi ne kusan duka shingen. An jera su ne kamar bulo da siminti, matattun ƙwayoyin su ne bulon, maiƙon da ke tsakaninsu shi ne simintin, wato seramaid da kolestirol da asid na kitse, kuma yawancin magunguna ta cikin maiƙon nan suke lallaɓawa su wuce, ba ta cikin ƙwayoyin ba. Daga sun wuce ɓawon sai su faɗa fata mai rai wadda ita kuma ruwa ne ya yi mata yawa. Ka ga kenan maganin da ke son ruwa kawai ba zai shiga ɓawon ba, wanda kuma ya cika son mai zai shiga amma ya maƙale a ciki ya ƙi gangarawa ƙasa, wanda ke tafiya lafiya shi ne na tsaka-tsaki. Girma ma yana da nasa, akwai ƙa'idar da Bos da Meinardi suka rubuta a shekarar 2000 cewa molekul, wato ƙwayar sinadari, da ya haura dalton 500, awon nauyinsa kenan, da ƙyar yake ratsa lafiyayyar fata. Takrolimus, maganin shafawa na ekzima, ciwon fata mai ƙaiƙayi, ya haura 800, shi ya sa sai a fatar mai ekzima da ta riga ta tsage yake shiga sosai, in fatar ta fara warkewa kuma shigarsa ta ragu da kanta. Wannan ɓangaren ba ka da iko da shi sosai, halin maganin ne, amma dole ka sani kafin ka zaɓar masa maɗauki.

Daga nan sai ka tambayi kanka ina kake son maganin ya tsaya. Wani a saman fata ake son ya zauna, kamar zink oksaid da ake shafawa don kariya ko maganin kashe ƙwayoyin cuta a kan ɗan rauni, shigarsa ciki ba ta da amfani. Wani a cikin fata ake son sa, kamar sitiroyid da maganin fungas. Wani kuma so ake ya wuce har jini, irin man naitirogilisirin na kashi 2 da ake shafawa don ciwon ƙirji na zuciya, wanda da tsawo ake auna shi a kan takarda ba da ido ba. In ba ka amsa wannan ba duk zaɓin da za ka yi a gaba kame-kame ne.

Maɗaukan man shafawa kashi huɗu littattafan haɗa magunguna suka raba su. Akwai na maiƙo zalla, irin basilin da farafin, ba ruwa a ciki kuma ba ya ɗaukar ruwa, ba ya wankuwa da sauƙi, yana daɗewa a fata kuma shi ya fi kowa rufe ta. Basilin ɗin nan tun 1872 Robert Chesebrough ya yi masa rajista kuma har yau ba a samu wanda ya ture shi a wannan aikin ba. Akwai mai tsotse ruwa, irin lanolin da ake samu daga maiƙon gashin tunkiya, shi maiƙo ne amma za ka iya kwaɓa masa ɗan ruwa ya karɓa, yana amfani in maganinka sai an narka shi a ruwa tukunna, sai dai wasu fatarsu ba ta jituwa da lanolin. Akwai wanda ruwa ke wankewa, ɗigon mai ne a cikin ruwa da wani sinadari da ke riƙe su kar su rabu, wannan shi ne yawancin abin da ake kira kirim. Na huɗu shi ne mai narkewa a ruwa gaba ɗaya, na foli'etilin gilaikol da ake taƙaitawa PEG, ba mai a cikinsa ko kaɗan duk da in ka taɓa za ka rantse mai ne, sanannen haɗinsa kashi 40 na PEG 3350 mai tauri da kashi 60 na PEG 400 mai ruwa-ruwa.

Yanzu ga inda maganar take, kuma nan ne yawancin masu koyo suke juya abin baibai. Tunanin farko da ke zuwa wa mutum shi ne ya nemo maɗaukin da maganin ya fi narkewa a ciki sosai, ai in ya narke tas ya fi kyau. A'a. In maɗauki yana iya narkar da maganin fiye da kima to zai riƙe shi ne, maganin ba shi da dalilin fita ya shiga fata. Abin da ke tura magani cikin fata ba yawansa ba ne, kusancinsa ne da iyakar abin da maɗaukin zai iya narkarwa, Takeru Higuchi ya yi bayanin wannan tun 1960. Ɗauka a misali kana da magani kashi 1, maɗauki na farko iyakar abin da zai iya narkarwa kashi 1 ɗin ne cif, na biyu kuma zai iya narkar da har kashi 10, to na farko ya cika maƙil yana tura maganin da iyakar ƙarfi, na biyu kuwa turawarsa kusan ɗaya bisa goma ce ta na farko duk da kwalinsu lamba ɗaya aka rubuta. Wannan in maɗaukan biyu ba su taɓa ita fatar kanta ba kenan. Don haka abin da kake nema shi ne maganin ya narke, amma da ƙyar, ya zauna dab da cika. Kar ka tsuga manarki, wato ruwan da ke narkar da maganin, da yawa don kawai ka ga haɗin ya yi garau, ka sa iya wanda zai narkar da shi ka tsaya.

Asaikulobiya misali ne mai kyau a nan, maganin ƙurajen nan na leɓe. A cikin man PEG ba ya ratsa fata da kyau, amma kirim ɗinsa mai suna Zovirax na kashi 5 yana ɗauke da furofilin gilaikol kashi 40, kuma da aka gwada wasu kirim ɗin na wasu kamfanoni masu kashi 5 ɗin dai amma furofilin gilaikol ɗinsu kaɗan, an ga maganin da ke ratsa fata ya ragu sosai. Ni a ganina duk wanda ya fahimci wannan misalin ya fahimci rabin darasin.

In kuma maganin bai narke ba, garinsa ne a watse cikin man, to lissafin ya ɗan canza, sai ƙwayar garin ta fara narkewa a cikin maɗaukin sannan ta yi tafiya zuwa fata. Higuchi ɗin dai a 1961 ya fitar da lissafin da har yanzu ake aiki da shi, kuma abin da yake cewa a taƙaice shi ne sakin yana farawa da sauri sai ya dinga ja baya, saboda garin da ke kusa da fata yana ƙarewa sauran kuma tafiyarsa na ƙara nisa, in kana son abin da ya fito ya ninka biyu sai lokacin ya ninka huɗu. Haka ma in ka ninka yawan garin biyu ba ninki biyu zai fito ba, wajen 1.4 ne. Abubuwa biyu ne a hannunka a nan, laushin gari da kaurin man. Gari mai laushi ya fi saurin narkewa kuma ba ya kartar fata, man da ya cika tauri kuma yana rage wa maganin gudu a cikinsa, shi ya sa in ka lafta kaki, irin na zuma, da yawa don haɗin ya tsaya da kyau ka sani ka rage saki.

Sai batun rufe fata, wanda shi ne dalilin da ya sa man maiƙo yawanci ya fi kirim ƙarfi in sitiroyid ɗaya ne a ciki. Fata kullum tana fitar da ɗan tururin ruwa, in basilin ya rufe saman sai ruwan ya taru a ɓawon, ya jiƙa ya kumbura, maiƙon da ke tsakani ya saki jiki, magani ya samu hanya. Ɓawon da ruwansa ke wajen kashi 10 zuwa 20 zai iya kaiwa kusan 50 in an rufe shi, in kuma aka ɗora leda ko filasta a kai shigar sitiroyid na iya ninkawa har wajen sau goma. Wani lokaci da gangan ake yi, kirim ɗin EMLA na kashe zafi kafin allura ana lafta shi ne a rufe a bar shi awa ɗaya, kuma shi kansa dabara ce ta haɗi, lidoken da firiloken kowanne kashi 2.5, kowannensu shi kaɗai daskararre ne amma in aka gauraya su sai su koma ruwan mai a zafin ɗaki, don haka ba a buƙatar wani manarki da zai riƙe su. Amma rufewar da ba a yi niyya ba ita ce matsala, nafkin ɗin jariri rufi ne, hammata da matsematsi da ƙarƙashin nono su ma fata ce ke rufe fata, duk sitiroyid ɗin da aka shafa a wuraren nan ka ƙaddara ƙarfinsa ya haura abin da aka rubuta.

Akwai kuma sinadaran da ake sawa musamman don su buɗa hanya, furofilin gilaikol da itanol da ole'ik asid da yuriya da DMSO (wani ruwa mai narkar da magunguna), wasu suna hargitsa jerin maiƙon ɓawon, wasu suna shiga ciki su sa ɓawon ya fi karɓar maganin, yuriya kuma ruwa take jawowa ta tausasa. Suna aiki, sai dai kusan duk abin da ya iya buɗa fata ya iya sa ta raɗaɗi ko ja, kar ka ƙara su don kawai ka ji an ce suna ƙara ƙarfi. Jel da loshan masu itanol suna da wani hali, daga an shafa sai itanol ɗin ya tashi, maganin ya ƙara kauri a ɗan abin da ya rage, turawa ta ƙaru na ɗan lokaci, in ya wuce gona da iri kuma ya daskare ya koma gari a kan fata, gari busasshe kuwa ba ya shiga.

Wajen zaɓa don ciwo ba sai an tsawaita ba. Fata busasshiya mai kauri mai ɓawo, man maiƙo. Wuri mai tsatsafar da ruwa, kirim, don maiƙo ba ya ma kama jiƙaƙƙen wuri. Wuri mai gashi, loshan ko jel. Kuma ka tuna man maiƙo zalla galibi ba ya buƙatar sinadarin hana lalacewa tunda ba ruwa a ciki, kirim kuwa dole ne, kuma su waɗannan sinadaran suna cikin abin da ke tayar wa wasu da ƙaiƙayi. PEG yana da nasa kashedin, man mufirosin na fata, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a PEG yake, in aka lafta shi a babban ƙuna ko buɗaɗɗen rauni mai faɗi PEG ɗin na iya shiga jini ya wahalar da ƙoda musamman ga mai ciwon ƙoda, kuma ba shi ake sawa a hanci ba, na hanci daban ne a farafin aka yi shi.

In kai ne mai kwaɓawa, hanya biyu ce. Ko dai ka murje garin a kan faifan gilashi da sifatula, ka fara jiƙa shi da ɗan ruwan da ya dace da maɗaukin, ruwan farafin in maɗaukin na maiƙo ne, gilisirin in na ruwa ne, ka murza har ya zama sumul ba tsaki-tsaki, sannan ka ɗebo maɗauki daidai yawan abin da ke gabanka ka haɗa, in ya haɗu ka sake ɗebo daidai sabon yawan, haka kake ninkawa har ya ƙare, kar ka juye garin duka cikin man gaba ɗaya don za ka samu wani wuri ya cika magani wani wuri ba komai. Ko kuma ka narkar, in akwai kaki ko wani abu mai tauri, a kan ruwan zafi ba wuta kai tsaye ba, ka fara da wanda ya fi wuyar narkewa ka bi da sauran, ka sauke kana juyawa har ya huce, abin da zafi ke lalatawa ko mai tashi irin mentol sai ya kusa hucewa za ka sa. Kuma kar ka narkar da magani da zafi a cikin maɗaukin da in ya huce ba zai iya riƙe shi ba, zai dawo ya yi manyan ƙwayoyi masu kartar fata masu jinkirin saki.

Abin da ni dai nake ganin ya fi kowanne yawan jawo ɓarna shi ne sirka magani da wani man. Mutum ya ɗauki sitiroyid mai ƙarfi ya juye a man shafawarsa na yau da kullum wai don ya rage masa ƙarfi ko ya ƙara masa auki. Na farko dai sirkawa kashi huɗu ba ta nufin ƙarfin ya koma kwata, tunda ka riga ka ga turawa ba da yawa take tafiya ba, yana iya zama kusan yanda yake, kana ta shafa mai ƙarfi a duk jiki kana zaton mai sauƙi ne. Na biyu maganin na iya lalacewa, sitiroyid ɗin betametazon baleret in ya haɗu da maɗauki mai halin kanwa, wato kishiyar asid, yana juyewa zuwa wata siffa wadda ƙarfinta kaɗan ne ƙwarai. Na uku an sirka sinadarin hana lalacewa, ƙwayoyin cuta sun samu wurin zama. Akwai ma waɗanda ba sa zama tare sam, magungunan kashe ƙwayoyin cuta niyomaisin ko kulohekzidin a cikin kirim mai sodiyam loril salfet, sinadarin da ke riƙe mai da ruwa, suna kama juna aikin ya mutu. In mai ƙaramin ƙarfi kake so a rubuta maka mai ƙaramin ƙarfi, akwai su.

To ta yaya ake tabbatarwa haɗi yana saki? A lab ana amfani da wata 'yar kwalbar gilashi mai hawa biyu da Thomas Franz ya fito da ita a 1975, a shimfiɗa fata ko wata leda mai ƙananan ramuka a tsakani, man a sama ruwa a ƙasa, a riƙe zafin a digiri 32 wanda shi ne zafin saman fata, a dinga ɗibar ruwan ƙasa lokaci-lokaci ana auna maganin da ya sauko. Da leda saki kawai kake aunawa, da fata ne kake auna ratsawa, kar a haɗa su, haɗi na iya saki da sauri amma fata ta ƙi karɓa. Na sitiroyid kuma akwai gwajin McKenzie da Stoughton na 1962, a shafa a hannun lafiyayyen mutum a ga yanda wurin ya koɗe saboda tsukewar jijiyoyin jini, da shi aka gina jadawalin ajin nan na ƙarfi.

Shafawar kanta tana canza lissafi, kuma wuri ya fi komai. Feldmann da Maibach a 1967 sun auna shigar haidirokotizon a sassan jiki, in aka ɗauki cikin sangalin hannu a matsayin 1, tafin ƙafa 0.14 ne, tafin hannu 0.83, baya 1.7, fatar kai 3.5, hammata 3.6, goshi 6, gefen muƙamuƙi 13, fatar maraina 42. Wato abin da aka ba ka don tafin ƙafa ba na fuska ba ne ko da ciwon ya yi kama. Fatar da ta tsage ko ta kumbura ta fi lafiyayya sha, jarirai kuma faɗin fatarsu in aka gwada da nauyinsu ya fi na manya, har salisilik asid da ake ganin ba komai ba ne in aka shafe babban ɓangaren jiki da shi yana iya shiga jini ya yi guba. Wajen awo ka yi amfani da gaɓar yatsa, ka matso man daga kan yatsan manuniya zuwa gaɓa ta farko, in bakin bututun milimita 5 ne wannan kusan rabin giram ne ga babba kuma ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu har da yatsu, Long da Finlay ne suka kawo awon a 1991. Laftawa da kauri ba ta ƙara komai sosai in ba an ce ka yi ba, layin da ke taɓa fata shi ke aiki, na sama tufafi ne ke kwashewa. Bayan wanka fata na da ɗan danshi ta fi karɓa. In kana shafa man tausasa fata da sitiroyid duka biyun ka bar wajen minti 30 a tsakani don kar ɗaya ya sirka ɗaya ko ya kwashe shi zuwa inda ba ciwo, kuma mai yawan shafa farafin ya yi nesa da wuta da sigari, yana jiƙa tufafi da zanen gado su kama wuta da sauri, wanki ma ba ya fitar da shi duka.

Ajiya ma tana taɓa saki, kirim ɗin da zafi ya sa ya rabu mai a gefe ruwa a gefe, ko man da ka murza a yatsa ka ji tsaki-tsaki alhali da sumul yake, ko wanda aka bari a buɗe ya bushe, duk maɗaukin ya riga ya canza, juya shi da tsinke ba zai dawo da shi yanda aka yi shi ba, a yar a sake wani. In kuma aka canza maka daga man maiƙo zuwa kirim ko daga wani kamfani zuwa wani ka ga aikin ya ragu ko fatar ta fara raɗaɗi, ka juya kwalin ka karanta jerin sauran kayan haɗin na tsohon da na sabon, ka kai wa likita ko mai haɗa magunguna duka biyun ya duba.